KAFIN A KAMA HANYAR ABIJAN: KUƊI NAWA KE RIƘE MUTUM A BAKIN TEKU?



Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, an ɗaure harawa an aza bisa itace. Yanzu ne lokacin da tashoshin mota na Tawa, Madawa, Konni, Maradi da Damagaram ke cika da samari, kowa da jakarsa, za su biɗa. Wasu Kwatano, wasu Lome, wasu Ankara ko Legas, da yawa kuma Abijan. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, iyayenmu sun ci rani a Gwalkwas.

Wannan takarda ba ta hana kowa tafiya. Abin da muke so, ɗan uwa, ka zauna mu yi lissafi tare tun ba ka sayar da ragonka ka biya kuɗin mota ba. Tambayar guda ce: kuɗi nawa ya kamata mutum ya samu kowane wata a Abijan don ya ci, ya kwana, kuma ya dawo gida da wani abu a hannu?

Za mu yi lissafin da jika, kamar yadda muka saba. Jika guda tamma 1.000 ce ta sefa. Sefar Abijan ita ce sefarmu, ba a canji, ba a hasara wajen 'yan canji kamar yadda ake yi da naira ko sidi.

ABIJAN DA AKE FAƊI

Abijan ita ce babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Kodibuwa. Garin ya bunƙasa tun 1950, lokacin da aka haƙa mashigin Biridi, manyan jirage suka samu hanyar shigowa daga teku. Tun zamanin nan 'yan Nijar ke zuwa dako a tashar. Marigayi Umaru Ganda, wanda ya zama babban mai shirya fim na ƙasarmu, a unguwar Tireshbil ya yi ƙwadago yana saurayi. A 1983 aka mai da babban birnin ƙasar Yamusukuro, amma kasuwa da masana'antu da aiki suka tsaya Abijan. Ƙidayar 2021 ta samu mutum fiye da miliyan 5 da rabi a cikin garin.

Daga Yamai zuwa can, ta Wagadugu da Bobo da Buwake, tafiyar ta fi kilomita 1.600. Mutumin Tawa sai ya ƙara fiye da 500, na Maradi fiye da 600, na Damagaram wajen 900.

Mutum miliyan 5 da rabi, ruwan tafki ya ratsa garin ya raba shi, teku kuma ta tare shi daga kudu. Wurin zama ya yi kaɗan, masu nema sun yi yawa. Tushen tsadar ke nan.

ALBASHI MAI GIRMA, KASUWA MAI TSADA

Abin da ke jan samari shi ne labarin albashi, kuma labarin gaskiya ne. Kowace ƙasa tana da albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda a biya ma'aikaci, wanda ake kira SMIG. A Kodibuwa an kai shi jika 60 a 2013, aka ƙara shi zuwa jika 75 daga 1 ga Janairu 2023. A wannan rana Benin ta kai nata jika 52, Togo jika 52 da rabi. Namu na Nijar, a 2012 an yanke shi tamma 30.047. Duk wanda ya ji waɗannan lambobi zai ce can ne kuɗi suke.

To amma ga wata lamba da ba a faɗi a tasha. A 2018 da 2019 ƙasashen sefa na ƙungiyar UEMOA sun yi bincike iri ɗaya cikin gidaje, don a san abin da mutum guda ke bukata a shekara, ci da sutura da wurin kwana, kafin a fitar da shi daga sahun matalauta. A Nijar an samu wajen jika 182. A Kodibuwa wajen jika 345. Ka gani, kusan ninki biyu. Kuma wannan lissafin ƙasar ne gaba ɗaya, har da ƙauyuka masu gonakin rogo da doya. Abijan ta fi haka tsada, farashi kuma ya hau tun lokacin.

Abu na biyu: SMIG na wanda ke da takardar aiki ne a kamfani ko ofis. Irin wannan ma'aikaci, a Abijan, doka ta ƙara masa jika 30 na kuɗin mota kowane wata tun 2019. Yawancin mutanenmu ba su cikin wannan sahu. Su ne masu tebur, masu shayi, masu tsire, masu gadi, masu yanke farce, masu tallar gwanjo da agogo, masu dako a kasuwa. Ba su da ƙarshen wata. Ranar da suka fita su samu, ranar da suka kwanta babu.

ABIN DA KE CIN KUƊIN

A ƙauye abubuwa da yawa ba ka biya, shi ya sa ba ka lissafa su. Ɗaki naka ne. Ruwa na rijiya ne. Icce da kara suna gona. Fura tana jiranka. Gona da ƙafa kake zuwa. A Abijan kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da farashi, har ban ɗaki da wurin wanka a wasu unguwanni. Mu bi su ɗaya ɗaya.

1. Ɗaki. Unguwannin Filato da Kokodi na manyan ma'aikata da 'yan kasuwa ne. Talaka yana neman ɗaki a Abobo, Yofugon, Ajame, Atekube, Por-Buwe ko Kumasi ta Abijan. Can ma ba a shiga ɗaki da kuɗin wata guda. Dokar haya ta 2018 ta ce mai gida na iya karɓar hayar wata 2 tun gaba, da kuɗin ajiya na wata 2, kar ya wuce haka. Dillalin da ya samo maka ɗakin shi ma yakan karɓi na wata guda. Wata 5 ke nan kafin a ba ka makulli. Ɗakin jika 24 yana son jika 120 ranar shiga. Kuɗin ajiya ana mayar maka in za ka fita, in ba ka ɓata komi ba, kuma in kana da takardar shaida. Kada ka ba da ko dala ba tare da rasit ba.

Ga ƙa'idar da masu lissafi ke bi ko'ina: kuɗin haya kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu. Mai biyan hayar jika 25 ya kamata yana samun jika 75. In haya ta wuce haka, cikinka ne zai biya sauran.

2. Abinci. Shi ne babban rami. Abincin talaka a Abijan sunansa garba: aceke ne, wato garin rogo da aka turara kamar dambu, da soyayyen kifin teku da tattasai da albasa. Ana cewa sunan ya fito daga Hausawan Nijar da suka fara sayar da shi, har yau kuma da yawa cikin masu wannan sana'a mutanenmu ne. Yana da araha, amma ciki sau uku yake tambaya a yini, kwana 30 a wata. Tamma 400 sau uku, jika 36 ke nan a wata.

3. Mota. Ɗaki mai araha yana nesa da wurin aiki. Daga Abobo ko Yofugon zuwa tashar jiragen ruwa sai ka shiga gbaka, wato ƙaramar bas, ko woro-woro, taksin haɗaka, ko bas ɗin kamfanin SOTRA, ko jirgin da ke ƙetare tafki. Sau da yawa mota biyu zuwa, biyu dawowa. Abin da ka rage a haya, mota ta cinye shi.

4. Ruwa da wuta. Kamfanin SODECI ke ba da ruwa, CIE ke ba da wuta. A gidan haya mai ɗakuna da yawa ana raba kuɗin bisa ɗaki ko bisa ƙwan fitila. A Janairun 2024 an ƙara kuɗin wuta da kashi 10 cikin 100.

5. Lafiya. A nan sauro na damana ne. Can, inda ruwan sama na shekara ya ninka na Maradi sau uku ko fiye, zazzaɓin cizon sauro ba ya da lokaci. Kwana 5 a kwance hasara biyu ce: kuɗin magani, da kuɗin da ba ka fita ka samo ba. Ƙasar tana da asusun lafiya na kowa da kowa, CMU: tamma 1.000 a wata ga kowane mutum, asusun ya biya kashi 70 cikin 100 na maganin da ke cikin tsarinsa, kai ka biya 30. Ka sa gidan sauro cikin kayanka tun daga gida.

6. Takardu. Katin shaida ko fasfo, karnen allurar shawara, da katin ofishin jakadancinmu in ka isa. Ka tuna Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina. Ka tambayi hukuma takardun da ake nema kafin ka tashi. Marar takarda shi ke biya a kowane shinge.

7. Ƙananan abubuwa. Sabulu, aski, katin waya, kuɗin aika saƙo gida, gudummawar ƙungiyar 'yan garinku in an yi rasuwa ko suna. Ba wanda ya kai jika 2 shi kaɗai, amma in aka tara su sai ka yi mamaki.

LISSAFI NA FARKO: SAURAYI SHI KAƊAI

Lambobin da ke tafe misali ne don ka ga yadda ake yi. Kai ka kira ɗan uwanka da ke can, ya gaya maka farashin wannan wata, ka sa su a madadin namu.

Mu ce samari huɗu 'yan gari ɗaya sun haɗa ɗakin jika 24. Kowane yana samun jika 75 a wata. Na farko yana cin abinci a titi, yana shiga mota kullum. Ga watansa:

Haya: jika 6
Ruwa da wuta: jika 2
Abinci, tamma 1.200 a yini: jika 36
Mota, tamma 500 a yini, kwana 26: jika 13
Lafiya: jika 4
Ƙananan abubuwa: jika 5
Jimla: jika 66

Abin da ya rage masa jika 9.

Na biyu ya haɗa tukunya da abokansa. Sun sayi buhun shinkafa da mai da gawayi, suna dafawa da dare, abinci ya tsaya masa tamma 800 a yini, jika 24 a wata. Ya kuma kafa teburinsa cikin unguwar da yake kwana, da ƙafa yake zuwa. Jimlarsa jika 41. Abin da ya rage masa jika 34.

Samu ɗaya, ɗaki ɗaya, amma wannan ya ajiye kusan ninki huɗu na wancan.

In kai mai sana'ar kanka ne, mai da lissafin na yini. Jika 66 a raba kwana 26 na aiki, wajen tamma 2.500 ke nan. Jika 41 kuwa wajen tamma 1.600. Wannan ita ce ribar da za ka fara samu kowace rana kafin dala ta farko ta shiga asusu. Ka lura, riba muka ce. Mai shayin da ya yi cinikin jika 10 bai samu jika 10 ba, sai ya fitar da kuɗin burodi da sukari da madara da gawayi tukuna.

LISSAFI NA BIYU: TAFIYAR GABA ƊAYA

Yawancin masu tafiya nan suke tsayawa da lissafi, alhali da sauran manyan abubuwa biyu: kuɗin hanya, da kwanakin zaman jira.

Mu ce ka tashi a Nuwamba, za ka dawo a Mayu, wata 6. Mu ce hanya, da mota da ci da abin da shingaye ke karɓa, jika 50 zuwa, jika 50 dawowa. Hanyar ma ba ta tsaya yadda aka sani ba: rashin tsaro a iyakar Burkina da rufe gadar Gaya a 2023 sun sa matafiya zagaye da ƙetare kogi da kwalekwale, kowane zagaye kuwa ƙarin kuɗi ne. Mu ce kuma watan farko ya tafi wajen neman aiki da sanin gari. Saura wata 5 na samu.

Mai tattali: jika 34 sau 5, jika 170. A cire hanya jika 100, a cire cin watan farko jika 41. Ya dawo da ribar jika 29.

Marar tattali: jika 9 sau 5, jika 45. A cire hanya jika 100, a cire watan farko jika 66. Ya yi hasarar jika 121.

Ka duba wannan na biyu da kyau, don ka san shi, akwai shi a kowane gari. Bai yi caca ba, bai yi shaye-shaye ba, kullum yana fita aiki. Amma Mayu ta yi ba shi da kuɗin mota, kuma kunya ta hana shi dawowa hannu sake. Sai ya ce bari ya ƙara shekara. Haka shekara guda ke zama biyar, mata na jira, tsoho na noma shi kaɗai.

Don gaskiya ta cika, akwai abu guda da za a sa a gefen riba. Babban mutum yana cin wajen kilo 230 na hatsi a shekara. Wanda ya yi wata 6 a waje ya rage ma rumbun gida fiye da buhu guda na kilo 100. Ma'anar cin rani ke nan tun asali. Amma buhu guda ba ya biyan hasarar jika 121.

Yanzu mu juya tambayar. Kana son ka dawo da jika 200, ka cika cimakar gida, ka sayi taki da tunkiya. Nawa za ka samu a wata? Jika 200 a haɗa da jika 141 na hanya da watan farko, jika 341. A raba wata 5, wajen jika 68 za ka ajiye kowane wata. A ƙara jika 41 na zamanka. Sai ka samu wajen jika 110 a wata, wato riba fiye da jika 4 kowace ranar aiki, kuma kana zaman tattali, kuma ba ka yi ciwo ba. In sana'ar da aka yi maka alkawari ba ta ba da haka, ka san abin da za ka taras tun kana gida.

LISSAFI NA UKU: MAI IYALI

Wasu in sun shekara biyu ko uku sai su aiko a kai masu mata da yara. Mu ɗauki gida mai mutum 5. Bisa lambar binciken da muka faɗi, jika 345 sau 5 a raba wata 12, wajen jika 144 a wata. Wannan bakin talauci ne kawai, da farashin 2018. Kusan SMIG biyu ke nan.

Ga misalin wata a Abijan:

Ɗaki da falo: jika 50
Abinci, jika 3 a yini: jika 90
Ruwa, wuta da gas: jika 12
Mota: jika 20
Lakwal ta yara: jika 10
Lafiya: jika 10
Sutura, sabulu, waya, zumunci: jika 10
Jimla: jika 202

Ranar shiga gidan kuma jika 250. A cikin wannan lissafi ba a aika ma tsofaffi ko dala ba, ba a ajiye komi ba, ba a yi ragon layya ba. Magidancin da samunsa bai kai jika 200 ba, in ya kai iyali can, ɗayan uku zai faru: ko matar ta shiga sana'a, ko yara su bar lakwal su kama talla, ko a koma ɗakin katako a bakin kwata. Daidai ruwa, daidai tsaki.

ARAHAR DA KE DA HAƊARI

Ɗaki mafi araha a Abijan yana gefen tudu mai zaftarewa, ko cikin kwarin da ruwa ke bi, ko a filin da ba shi da takarda. Manyan ruwaye suna sauka daga Mayu zuwa Yuli. A daren 18 ga Yuni 2018 ambaliya ta kashe wajen mutum 20 a garin. A farkon 2024 hukumar birnin ta rushe unguwanni irin su Gesko a Yofugon da Boribana a Atekube, daga baya a shekarar aka rushe unguwar mahauta ta Por-Buwe. Dubban mutane suka wayi gari a waje. Ɗan haya a irin wannan wuri yana rasa kuɗin ajiyarsa da kayansa rana guda.

A watan Afrilu na 2024 kuma hukumar ta hana talla a kan manyan tituna, ta hana bara, ta hana kurar turawa da hannu da ake kira wotoro. Ka lura, waɗannan su ne ƙofofin da baƙo marar jari ya saba shiga ta cikinsu. Wanda aka ƙwace ma kayan talla, jarinsa ne ya tafi.

Tsofaffi kuma suna tune da abin da ya fi haka. Gana ta kori baƙi a 1969, Nijeriya a 1983. Rikicin Kodibuwa na 2002 da na 2010 zuwa 2011 ya maido mutane da yawa gida ba shiri. Don haka baƙo mai hankali yana ware kuɗin motar dawowa tun watan farko, ba ya taɓa su. Abin da ya tara kuma yana aikowa gida kowane wata, ba ya ajiye shi ƙarƙashin tabarma.

ABIN DA GONA KE BIYA

Akwai bashin da ba a rubuta shi a Abijan, a gonarka ake biyansa.

Na ɗaya, kuɗin tafiya. Yawanci hatsi ko wake ko dabba ake sayarwa a kaka, lokacin da kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Hatsin nan kuma shi za a sake saye a tsakiyar damana, lokacin da ya fi tsada. Ka sayar da tiya da araha, ka saye ta da tsada: wannan bambanci yana cikin kuɗin tafiyarka.

Na biyu, aikin rani. Sassabe, kai taki, haƙa tassa da rabin wata a faƙo, gyaran ƙananan itatuwan da suka tsiro a gona, duk kafin ruwa ake yin su. Wanda ya iso ranar shuka ya taras da gona yadda ya bar ta.

Na uku, jinkiri. Hatsi yana son shukar ruwan farko mai kyau, da noman fari cikin mako biyu bayan tsiro. Eka guda ta mita 100 bisa 100 tana ba da kilo 400 zuwa 500 a gonakinmu na jigawa. Mu ce kana da uku, kilo 1.350. In haki ya riga ka, ka rasa kashi ɗaya cikin uku, kilo 450 ne suka tafi, buhu huɗu da rabi. Ka gwada wannan da jika 29 da mai tattali ya kawo. In kuwa ka aiko kuɗi a ɗauki 'yan barema, su ma a cire su daga ribar.

Sa'an nan ka yi ma kanka wata tambaya. Jika 141 ɗin nan na hanya da zaman jira, me za su yi a gida? Za su sayi raguna a ɗaure a turke har layya. Za su sayi iri da taki da man inji na ƴan fangalin albasa ga mai fadama. Za su sayi takin 15-15-15 na sa wa a gindin shuka, giram 6 kowane rami, kilo 60 a eka guda. Albasar Galmi da ragunan Nijar a kasuwannin Abijan ake sayar da su. Wanda ya noma albasar ya ci kuɗin birnin, bai biya hayar ɗaki ba. Ba kowa ke da fadama ko rijiya ba, mun sani, kuma shekarar da damana ta ƙi, biɗa ta zama dole. Amma wanda ke da zaɓi, ya auna biyun kafin ya yanke.

ABIN DA ZA KA RIƘE

In bayan lissafi ka ga tafiya ta fi, to ga shawarwari bakwai:

1. Kada ka tashi sai ka san wurin wanda za ka sauka da aikin da za ka yi. Ka ji daga bakin mai gidan da kansa.

2. Tambayi mutum biyu ko uku farashin ɗaki da abinci da mota. Kada ka tambayi nawa suke samu kaɗai, tambayi nawa suka aiko gida bara.

3. Ka tafi da kuɗin cin wata guda bayan kuɗin mota. In bashi za ka ci don tafiya, sa shi cikin lissafi tare da abin da zai hau kansa.

4. Ku haɗa ɗaki, ku haɗa tukunya, ku kwana kusa da wurin aiki.

5. Haya kar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na samunka. Kowane biya da rasit.

6. Ware kuɗin dawowa tun farko. Saura ka riƙa aikowa, kuma ku shirya da mutanen gida abin da za a saya da su: hatsi tun yana da araha, iri, taki.

7. Sa ranar dawowa tun kafin ka tafi, ta zama kafin ruwan shuka. Lokacin da manyan ruwaye ke tsai da ciniki a titunan Abijan, lokacin ne gonarka ke bukatarka.

Lambobi uku na misalinmu su ne waɗannan. Saurayi shi kaɗai yana bukatar jika 41 zuwa 66 a wata don ya rayu kawai. Yana bukatar wajen jika 110 don ya dawo da jika 200 bayan wata 6. Mai iyali biyar yana bukatar wajen jika 200 kafin ya aika komi gida. Farashi zai canza, amma hanyar lissafin ba ta canzawa: abin da ka samu, a cire zama, a cire hanya, a cire abin da gona ta rasa. Abin da ya rage shi ne ladan tafiyarka. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Ku kai wannan takarda wurin taron masu sauraron rediyo na garinku, ku kira waɗanda suka dawo daga Abijan ko Kwatano ko Lome su faɗi lambobinsu na gaskiya, ku sake lissafin tare a gaban samari. Malamin gona na yankinku zai taimaka maku da na gefen gona.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya ba mu damana mai albarka. Amin.